Ruwan Indo

Malam Inuwa bai taɓa tuƙa mota ba tun da aka haife shi, ko babur sai dai a goya shi, amma duk wanda ya yi aiki a rukunin masana'antun Challawa da Inuwa Direba ya san shi. Sunan ya samo asali ne daga wani kamfanin fata, inda ya ƙarar da kusan rabin rayuwarsa yana murɗa wani ƙaton sitiyarin ƙarfe a bayan gini. In ya murɗa shi dama, ƙofar magudana ta ɗaga, duk ruwan da aka jiƙa fatu a ciki, aka narka masa gishiri da sinadarai, ya kwararo ya bi lambatu ya fice ta ƙarƙashin katanga. In ya murɗa hagu, ƙofa ta sauka. Aikin ke nan, babu ƙari. Ina ruwan yake nufa bayan ya wuce katanga? Ba a ɗauke shi aiki don ya san wannan ba, shi kuma mutum ne mai ladabi, ba ya tsoma baki a abin da ba a sa shi ba.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Jahun, irin garuruwan nan da ke zaune a kan tudun yashi, ruwa kuwa yana can ƙasa a fadama, ya ce mai so ya zo ya same shi. Mahaifiyarsa Indo ita ce famfon gidansu, har da na wasu gidajen maƙwabta da matansu ba sa fita. Tulu a ka safe da yamma, har gammo ya cinye mata gashin tsakiyar kai, wuyanta ya ɗan karkace hagu ya zauna a haka. Inuwa, kamar duk ɗan da ya sami tarbiyya, bai taɓa buɗe baki ya kama sunanta ba. Inna yake ce mata. Ko wata Indon ya gamu da ita a hanya, sai dai ya ce mai sunan Inna.

A bayan wannan tulu ya yi duk karatun ruwan da ya sani. In rani ya tsananta rijiyar fadama ta ƙafe, Indo ba ta tsayawa layin faɗa da mata. Sai ta yi gaba tana duban ƙasa, har ta iske inda ƙiri-ƙiri yake kore shar alhali ko'ina ya bushe. Nan za ta durƙusa ta tona da sakaina, kafin hannunta ya nutse zuwa kafaɗa ruwa ya fara tsattsafowa, garai-garai, mai sanyi.

"Ka gani ko, Inuwa?" in ji ta. "Ƙasa ba ta ƙarya. Inda ka ga ciyawa ta ƙi mutuwa da rani, ruwa na ƙarƙashinta."

Ranar da zai taho Kano neman aiki, yana saurayi, jakarsa ɗaya da bakinsa cike da buri, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, in Allah ya buɗa mini, sai na gina miki rijiya a ƙofar ɗaki."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya kai mu. Ka dai fara da sabon tulu."

Tulun ya saya. Rijiyar ce ta gagara. Ya fara aiki a wata masaƙa a Bompai, ta rufe. Ya koma kamfanin takalman roba a Sharada, aka rage ma'aikata, kuma da yake shi mai sa'a ne, sunansa ne a farko. Daga nan ya faɗa kamfanin fata, aka damƙa masa sitiyari. Buɗin da yake jira yana ta tahowa a ƙafa, ajali kuwa ya hau mota. Indo ta rasu da karkataccen wuyanta, ba ta ga rijiya ba, ba ta ma taɓa tako Kano ba, don duk sanda ya ce ta zo ta huta sai ta ce wa zai ɗebo wa mutane ruwa. Wannan alkawari ya tsaya wa Inuwa a rai. Ya yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba, kuma babu abin dariya a ciki. Sai da wani malami ya gaya masa cewa rijiya sadaka ce mai gudana, duk wanda ya sha, ladan zai iske ta har kabari, sannan ya sami inda zai ajiye zuciyarsa. Tun daga ranar ba shi da wani buri a duniya sai wannan: rijiya da sunan Inna, wadda mutane za su sha su yi mata addu'a.

Da ƙarfi ya ƙare aka sallame shi, kamfani ya yi masa kyauta biyu. Ta farko kuɗin sallama. Ta biyu hancin da ya daina aiki. Shekarun da ya yi a bakin magudana sun kashe masa jin wari murus, har matarsa Badi'a takan ce ko mushen jaki aka kwantar a ƙarƙashin gadonsa sai dai ya ce yau barci ya yi daɗi. Shi kuwa yana ɗaukar abin a matsayin ni'ima, don a Dorayi inda suke haya, mai lafiyayyen hanci shi ne a wahale.

Da kuɗin sallamar ya fita neman fili. Dillali ya yi ta zagayawa da shi a ƙasar Kumbotso cikin zafin bazara, yana nuna masa filaye masu kyau a kan tudu, Inuwa yana taɓe baki. Sai da suka gangaro bayan kamfanoni, ta wajen da ƙasa ke zubewa zuwa kogin Challawa, ya ja ya tsaya cak. Ko'ina ya ƙone ƙurmus, amma a kusurwar wani fili ga ciyawa nan kore shar, har da sheƙi. Idonsa ya ciko. Bai yi ciniki ba, bai tambayi dalilin da ya sa filin ya daɗe ba a saya ba. Dillalin da kansa sai da ya ɗan ji kunya, abin da ba a saba gani ba a wannan sana'a.

Badi'a 'yar asalin Challawa ce, mahaifinta ya yi noman lambu a gefen tun kafin kamfanoni su yi yawa. Da aka kai ta ganin fili, ta dubi ciyawar, ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Malam, wannan koren ba na lafiya ba ne. Tun ina budurwa aka cike rijiyar gidanmu, kuma ba ta fi nan kusa da lambatu ba."

"Ku mutanen Kano ai ba ku iya zaɓen wuri ba," in ji Inuwa. "Ku dai a ba ku famfo ku murɗa. Wannan ilimin gado ne, daga bakin Inna na ɗauke shi."

Da an ambaci Inna magana ta ƙare, Badi'a ta san wannan. Suka yi ɗaki biyu da zaure suka tare. Amma ba ta haƙura ba. Ta aika aka kira mata ɗan yayanta Muhyiddeen, wanda ke aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse, kuma tun da ya sayi hular kwano mai ruwan ƙwai ya hana kowa kiransa sai da Injiniya. Ya zo da wayoyinsa da ƙusoshinsa, ya kakkafa a fili, ya yi ta duba wani akwati yana gyaɗa kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa a gaban mara lafiya ba.

"Baba, ƙasar nan hawa-hawa ce," ya ce. "Sama yashi ne da jar ƙasa, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse. Ƙarƙashinsa kuma baƙin dutse ne da ba ya jin magana. Rijiyar hannu a gefen nan iyakarta mita goma zuwa sha biyar, kuma ruwan saman nan, duk abin da ya bi lambatu a cikinsa yake ƙarewa. In na sha kake so, sai dai mu kawo inji mu huda mita hamsin ko sittin, mu toshe sama da siminti, mu nemi tsaga a cikin dutse. Shi ma ɗin ban yi maka alkawari ba."

"Ba ka yi alkawari ba," in ji Inuwa. "Madalla da wannan ilimi. Ku ne kuka yi wa Alhaji Garba aiki ko?"

Muhyiddeen ya sosa ƙeya, don kuwa su ne. Alhaji Garba maƙwabcinsu ne na kan tudu, mai gidan bene. Injin ya kwana ya wuni yana ruri a ƙofar gidansa, ya shafe unguwa da farin garin dutse, aka wuce mita ɗari, har mutane suka fara tambaya ko man fetur Alhaji yake nema. A ƙarshe aka samo masa iska mai kyau, busasshiya, aka rufe ramin da bulo.

"Wancan kan dutse yake, Baba. Ba a dace da tsaga ba ne."

"To ni na dace da ciyawa. Kuma bari ka ji, yaro. Taku rijiyar sai da tanki, sai da janareto, sai da mai riƙe maɓalli. Ranar da babu mai, babu lada. Inna ba ta san maɓalli ba. Rijiya na yi mata alkawari, mai guga da igiya, wadda ko baƙo ya zo wucewa zai ja ya sha ba sai ya yi sallama da kowa ba."

A gaskiya maganar ta yi kyau, har Badi'a sai da ta sunkuyar da kai. Matsalar dai ita ce ƙasa ba ta sauraron magana mai kyau. Muhyiddeen ya naɗe wayoyinsa, ya ci tuwon gwaggonsa, ya tafi.

Aka ɗauko Mamman, wani mahaƙin rijiya daga wajen Damagaram, mai dagi da diga da igiya. Shi ba ruwansa da mita, da gaba yake awo, wato ya ware hannuwansa biyu, abin da ya kama daga wannan yatsa zuwa wancan shi ne gaba ɗaya. Mamman yana da wata ɗabi'a da ta sa bai taɓa rasa aiki ba: bai taɓa musu da mai gida ba. Da aka nuna masa kusurwar, ya dubi ciyawar, ya shaƙi iska, sannan ya ce, "Wallahi Malam ka iya zaɓe. Ruwa kam akwai shi." Kuma a iya nan bai yi ƙarya ba.

Gaba ta farko da ta biyu yashi ne, yana fita kamar gari. A ta uku aka iske marmara, diga ta yi ta tartsatsi. A ta huɗu ƙasa ta fara danshi, ta yi wani duhu-duhu. A ta biyar ruwa ya ɓullo. Rijiyoyin unguwa sai an kai gaba bakwai ko takwas, su ma da rani sai a yi ta kankare gindi. Inuwa ya kasa zama. Ya bi majalisa-majalisa yana sanar da mutane, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya hau tudu takanas ya gaida Alhaji Garba, wanda bai taɓa zuwa gaisarwa ba, ya tambaye shi lafiyar iyali, ya tambaye shi ya ƙoƙari da sayen ruwa, sannan ya ce, "Mu dai namu gaba biyar, ikon Allah." Alhaji ya ce Allah ya sanya albarka, da irin muryar da ake faɗin haka.

A kwanakin nan ne Mamman ya fara shiga rami da rawani naɗe a hanci. Ya ce mura ce. Yana fitowa yana susar ƙwauri har fata ta yi fari. Ya ce sauro ne. Ya daina cin abincin rana a bakin aiki, yakan ɗauki kwanonsa ya tafi can gindin wata darbejiya. Ya jera kwalbatocin siminti a cikin ramin, ya yashe rijiyar, ya haɗa kayansa da wani irin sauri, ya ce an yi masa kiran gaggawa daga gida, ba zai samu tsayawa walima ba.

"Malam," in ji Badi'a, "don girman Allah ba ka jin abin da nake ji?"

"Warin sabuwar ƙasa ne. Kowace rijiya da haka take farawa."

"Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗanɗana mana ka ji."

"Ba zan kai shi bakina ba sai ranar da aka yi wa Inna addu'a. Ruwanta ne. Da bismillar liman za a buɗe shi."

Ya sa aka rufe bakin rijiyar da faifan kwano, kada kowa ya riga Inna. Aka kira magini ya ɗaure bakin da siminti, ya yi dakali mai faɗi inda mata za su ajiye bokiti. Da ya zo shafe na ƙarshe ya tambayi abin da za a rubuta. Nan aka yi cirko-cirko. Inuwa ba zai iya faɗin sunan ba. Ya dubi Badi'a, ta kau da kai, don ita ma surukarta ce. Daga ƙarshe ya tsuguna ya rubuta shi da yatsa a kan yashi, da ajami, ya yi sauri ya shafe bayan magini ya karanta. Magini kuwa ya zage ya zana shi da manyan baƙaƙen boko, yadda ko daga kan babur za a gani: RIJIYAR INDO, SADAKATUL JARIYA. Inuwa ya daɗe a tsaye yana kallon rubutun. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da ya kai mata sabon tulu.

Ranar Asabar da hantsi aka yi walima. An soya waina, an dama kunu, an shimfiɗa tabarmi. Liman Malam Ado ya zo, dattawan unguwa suka zo, har Alhaji Garba ya sauko daga tudu. Mata suka yi layi daga gefe da bokitai da jarkoki, don an gaya musu daga yau sun huta da 'yan garuwa. Aka ɗage faifan kwano.

Abin da ya taso daga ramin nan kowa ya ji shi, ban da mutum ɗaya. Amma mu mutane ne masu kara. Bahaushe ya gwammace ya sha abin da zai kwantar da shi da ya dubi mai walima ya ce kayansa da wari. Sai ga dattawa kowa ya tallafe hanci da hannun riga, kamar mai zurfin tunani a kan ayar da aka karanta. Malam Ado, wanda aka sani da addu'ar da sai ƙafa ta yi sanyi, ranar ya taƙaita, ya nema wa marigayiya rahama, aka shafa.

Inuwa ya zura guga da hannunsa. Ruwan ya kwanta, ya fito fes, sai dai wani ɗan shuɗi-shuɗi a gefen kofin silba in rana ta haska shi. Ya ɗaga kofin, ya ce bismillahi, ya kurɓa.

Hancinsa ne ya mutu, harshensa yana nan da rai. Gishiri ya fara ji, sai wani bauri da ya kama masa dasashi, sai ɗaci a can ƙarshe. Ba baƙon ɗanɗano ba ne. Duk sanda ya murɗa sitiyari dama, ruwa ya daki ƙofar ƙarfe ya yi feshi, wannan ne yake sauka a leɓensa, ya sa bayan hannu ya goge. Shekara da shekaru. Har ramin da aka sako shi daga ciki zai iya faɗa. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ga tankin tsohon kamfaninsa can yana leƙowa ta saman rufin mutane, ga layin kore shar ya taho daga gindin katangar, ya bi gangare, ya ratsa bayan gidaje, ya zo ya ƙare a kusurwar filinsa. Kullum yana ganin wannan layi. Yau ne kawai ya karanta shi. Tambayar da bai taɓa yi ba, ga amsarta a cikin bakinsa.

Bai tofar ba. Ruwan da aka buɗe da sunan Inna ba zai tofar da shi a gaban jama'a ba. Ya runtse ido ya haɗiye.

Malam Ado ya miƙo hannu, don al'ada ce liman ya sha ya sa albarka. Bayansa mata sun fara gyara bokitai. Da Inuwa ya ce alhamdulillahi ya miƙa kofin, da liman ya kurɓa ya ce madalla, da kowa ya ce madalla, a tashi taro da mutunci. Ya san haka sarai, kuma ransa ya so hakan ƙwarai. Sai ya janye kofin ya kife shi a ƙasa.

"Allah gafarta Malam, kada ka sha. Kada kowa ya sha." Sannan ya ƙara da cewa, "Na san ruwan nan. Ni na sake shi."

Malam Ado ya mayar da hannunsa cikin riga da saurin da bai dace da shekarunsa ba, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Kowa ya ce amin, aka sauke hannun riga daga hanci tun da yanzu an halatta jin wari. Wainar dai ba a bar ko ɗaya ba. Mata suka kwashi bokitansu wayam suka watse, kafin azahar labari ya kai Na'ibawa.

Inuwa bai sallama nan take ba. Ya ce in ba a sha ba ai a yi wanki, shi ma lada ne. Sabulu ya ƙi kumfa, fararen kaya suka koma ruwan toka, hannun Badi'a ya fara saɓa. Ya ce to a ba dabbobi. Awaki suka sunsuna suka yi gaba, su ba su san kara ba. Masu buga bulo suka ɗiba na ɗan lokaci, sannan suka ce bulon yana fitar da farin gishiri, masu gini suna dawo musu da shi. Rijiyar da aka gina don mutane su sha su yi addu'a, sai da ta kai ko siminti ya ƙi ta.

Badi'a ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi sauƙi. Sai dai kullum da safe ta leƙa ƙofar gida ta ƙwala wa mai garuwa kira, ya turo kurarsa ya wuce ta gaban dakalin rijiya ya sauke jarkoki. Muhyiddeen ya zo jaje, ya cire hular kwanon kafin ya shiga zaure, ya ce har yanzu ana iya gwada inji a ɗaya kusurwar. Inuwa ya nuna masa ramin ya ce kuɗin da za a kira inji da su suna ciki.

Wata rana ya shirya ya tafi tsohon kamfaninsa, ya zagaya ta baya, ya sami Usaini, wanda ya gaje shi a bakin sitiyari.

"Usaini, ka san inda ruwan nan yake zuwa kuwa?"

"Wallahi Baba Direba, ni dama da hagu kawai aka nuna mini. Kai ne ma ka nuna mini."

Ko shi Inuwa aka yi wa tambayar a bara, amsar da zai bayar ke nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ne, amma shi wannan ruwan bai tsaya a kan tsuntsun ba.

Ya dawo ya sa aka yi wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo, shi da ya ce Inna ba ta san maɓalli ba. Sannan ya ari kurfi da guduma, ya zauna a kan dakali ya bi baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya yana sassaƙewa. Wuni guda ya yi yana yi, hawaye na zuba a kan garin siminti, Badi'a tana tsaye a bakin zaure ba ta hana shi ba. Da ya gama babu abin da ya rage sai tabo.

Amma ya makara. Unguwar sabuwa ce, ba ta da suna, ga shi an ba ta kyauta da manyan baƙaƙe. Masu adaidaita sahu suka riƙe shi: Rijiyar Indo, akwai mai sauka? Wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda sunan ya shiga bakin mata. Duk ruwan da ya yi wari, ko ya yi kala, ko ya ƙi kumfa, ko daga ina aka ɗebo shi, sunansa ruwan Indo. Shayi in ya yi ɗaci, da ruwan Indo aka dafa. Yaro in ya fito da ƙuraje, a bincika ko ya yi wasa da ruwan Indo. Sunan da ɗanta bai taɓa ɗaga murya ya faɗa ba saboda girmamawa, yanzu da shi ake faɗa da 'yan garuwa.

Inuwa ya koma zama a kan murfin rijiyar, da carbinsa, yana korar duk wanda ya matso da guga. Duk wanda ya ji ya ambaci sunan, sai ya tare shi ya ce, "Ba nata ba ne. Nawa ne. Ku ce ruwan Inuwa." Mutane su ce to Baba, su yi gaba, su ci gaba da faɗin abin da suka saba.

Rannan da safe wata sabuwar maƙwabciya, Safiya, wadda ba ta fi wata guda da tarewa ba, ta buɗe jarkar da aka kawo mata ta sunsuna, ta daka wa mai garuwa tsawa.

"Kai, tsaya! Ruwan Indo ka kawo mini?"

"Wallahi Hajiya ba na Indo ba ne! Allah ya tsare ni da na Indo!"

Inuwa ya taso daga kan murfin, yana jan ƙafa, ya zo ya tsaya kusa da kurar. Safiya ta gaishe shi, ta ga dattijo ne da alama ya daɗe a unguwa, sai ta ce, "Yauwa Baba, kai za ka sani. Wai wace ce Indon nan da ta ɓata wa mutane ruwa haka?"

Ya buɗe baki. Yana so ya gaya mata labarin tulun, da gammon, da wuyan da ya karkace, da ruwan sanyin da gari guda ya sha daga kan mace ɗaya ba wanda ya taɓa yin ciwon ciki.

"Ba ta taɓa zuwa Kano ba," ya ce.

Safiya ta dube shi ba ta gane ba, ta juya ta ci gaba da faɗanta da mai garuwa. Shi kuma ya koma ya zauna a kan murfin.